Sha Biyu Bisa Sha Biyar

A sanyin shekarar da Allah ya ɗauke mijina Ignacy, da takalmansa nake zuwa aiki. Nawa sun mutu, nasa kuwa irin na ma'aikatan jirgin ƙasa ne, masu ƙwari, sai dai sun yi mini yawa ƙwarai. Nakan cusa tsohuwar jarida a ciki, kafin in isa ofis dusar ƙanƙara ta jiƙa ta, ta zama kamar kunu. Satina biyu ke nan da samun aikin shara da dafa shayi a ofishin masu zanen gine-gine na garinmu Radom. Ban san kowa ba, ba na ɗaga kai in kalli kowa.

Wata safiya ina goge matakala sai na ji an tsaya a bayana.

"Pani, ke ce mai tafiya kamar doki a kan gadar katako?"

Na waiwaya. Wani dogon mutum ne siriri, furfura ta fara cin kansa, fensir a maƙale a kunnensa. Kunya ta kama ni, na ce ya yi haƙuri, zan riƙa takawa a hankali.

"Ba faɗa na zo yi ba. Cire ɗaya ki taka nan."

Ya shimfiɗa farar takarda a ƙasa, ya durƙusa da kwat ɗinsa da komai, ya zagaye ƙafata da fensir, ta dama da ta hagu. Ya shiga ɗakin buga takardu, ya zare ƙyallen ulu mai kauri da ake shimfiɗa wa tafireta, ya yanka shi daidai da zanen, biyu-biyu ga kowace ƙafa, don in shimfiɗa a cikin takalman. Matar da ke buga tafiretar tana ta sababi, ya ce mata injin ba ya jin sanyi. Da ya miƙo mini ya ce, "Ta hagun ta ɗara ta daman da milimita huɗu. Kowa haka yake, masu ɗinka takalmi ne ba sa dubawa." Ya wuce abinsa tun ban gama godiya ba.

Shi ne Pan Injiniya Teofil Karwasz; a wajenmu Pan ake ce wa namiji, Pani ga mace, don girmamawa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina share ƙarƙashin teburinsa, kuma tunda 'yan makaranta sun fara zuwa suna ɗaukar hoton benenmu suna tambayar wanda ya zana shi, na ga gara in rubuta abin da na sani tun idona yana gani. Aji huɗu kawai na yi, a yi mini uzuri.

Ba mai yawan magana ba ne. Tarihinsa a gutsure na same shi, yawanci da sassafe lokacin da nake zuba kwal a murhu, shi kuma ya riga kowa zuwa. A Warsaw aka haife shi, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ubansa mai gina murhu ne, uwarsa tana wankau. Tagarsu ɗaya ce, ƙarama, daidai da daɓen titi. Ya ce mini har ya shekara bakwai abin da ya sani na duniya shi ne ƙafafun mutane, yana iya gane mai kawo wasiƙa da ɗan sanda da mai bara daga takunsu. Uwar ta yi ta tari a cikin tururin wanki da duhu har ta rasu yana da shekara goma sha uku. Sau ɗaya ya faɗa mini wannan, bai ƙara ba.

Abokan sana'ar ubansa ne suka haɗu suka tura shi babbar makarantar gini. A can ya faɗa cikin wasu samari masu cewa an gaji da gidaje masu ado kamar kek ɗin biki, gaba a ƙawace, baya a ruɓe. Su farin bango suke so, da shafaffen rufi, da taga mai faɗi, da rana a kowane ɗaki, ko na mai kuɗi ko na mai wankau. Ginin da ya fara yi shi kaɗai gidan jinyar yara masu tarin fuka ne a cikin wani daji. Mutanen ƙauyen suka sa masa suna Jirgin Ruwa, saboda dogayen barandarsa masu lanƙwasa. Hotonsa ɗaya yana ajiye a aljihun tebur. Na taɓa gani: an turo gadajen yaran waje a jere, an lulluɓe su da barguna, fuskokinsu suna kallon rana.

Sai yaƙin duniya na biyu. Aka kama shi a watan farko, ya shekara biyar a sansanin fursunoni, yana koya wa 'yan'uwansa zanen gida a bayan takardar buhun siminti don kada hankalinsu ya gushe. Da ya dawo bai tarar da matarsa Wanda ba, bai tarar da titin da suke zaune ba, Jirgin Ruwan ma an ƙone shi. Bai sake aure ba.

Bayan yaƙi hukuma ta ce ginshiƙai take so, da gumakan ma'aikata rungume da damin alkama. Shi kuwa ya ce ginshiƙin da ba ya ɗauke da komai bai san amfaninsa ba. Saboda wannan bakin nasa aka turo shi Radom, aka ba shi zanen matakala da banɗaki, wasu suna zana fuskar gini suna karɓar lambar yabo. Shekara shida yana wannan, kuma ku je ku hau matakalar tsohon ofishin gidan waya na unguwarmu ku ji, ko mai ciwon gwiwa ba ya haki. Da abubuwa suka ɗan sassauta aka sakar masa hannu. Ya yi makarantar yara da kowane aji yake samun haske ta gefe biyu. Ya yi rumfar tashar bas mai kama da fiffiken tsuntsu, wadda kowa ya rantse za ta faɗo a sanyin farko. Ga ta nan har yau.

Yadda yake aiki, ban ga wani yana yi ba. Sauran injiniyoyi littafi suke buɗewa. Shi kuwa wata rana ya zana ɗaki da alli a daɓen ofis, ya ce, "Pani Pelagia, shigo kicin ɗinki. Yau Juma'a, me za ki dafa?"

"Pierogi na kabeji, Pan Injiniya."

"To dafa."

Na tsaya ina murza ƙullun fulawar da ake naɗe kabejin a ciki, alhali babu shi, ina ɗauko tukunyar da babu ita, samarin ofis suna ta ƙyalƙyala dariya. Shi yana bina da ma'auninsa na katako mai naɗewa, yana ƙirga takuna. Ya tambaye ni ina nake ajiye gishiri, da wane hannu nake zubar da ruwan zafi, in jariri ya yi kuka ta ina zan leƙa. Da na ce masa ai wurin da ya zana tebur ƙofa za ta buge shi, ya goge allin da hannun rigarsa, ya juya ga samarin ya ce, "Ku yi dariya da kyau. Shekara biyar kuna makaranta ba ku ga ƙofar nan ba."

Ba ya zuwa coci. Wannan ya dame ni, kuma ya sani. In ya ga carbina ya leƙo daga aljihu sai ya ce, "Pani Pelagia, in kin je wajen Maigidan naki na sama, ki ce masa ranar da yake ba mu a watan Disamba ta yi kaɗan, ya ƙara." Ni kuma in ce, "Pan Injiniya ya je ya faɗa da kansa mana, ƙofar a buɗe take." Sai ya ce cocinmu duhu ya yi masa yawa, ba zai ga hanya ba. Haka muke yi. Ban fasa sa shi a addu'a ba.

A shekarar sittin da uku aka aiko da umarni daga sama cewa a yi tsimi a ginin gidaje. A nan aka fara makahon kicin, wato kicin da aka tura can tsakiyar gida, babu taga, sai ɗan rami na fitar hayaƙi, mace ta wuni da fitila a kunne da rana tsaka. Kowa a lokacin ya san kalmar, har yara. A daidai wannan lokaci aka ba Pan Teofil babban aikin da ya daɗe yana jira: bene mai hawa biyar, gidaje tamanin da huɗu, na ma'aikatan masana'antar takalma.

Wata biyu bai yi wa kowa wasa ba. Ya matse baranda, ya juya matakala, ya yi ta gogewa yana sakewa, har ya fito da kowane kicin zuwa bangon waje ba tare da ya ƙara wa ginin ko taku ɗaya ba. Ya kai wa Daraktan ofishinmu. Ina goge gilashin ƙofa ina jin su.

"Teofil, ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Amma takarda ta ce ƙananan gidaje ba taga a kicin."

"Ban ƙara ko bulo ɗaya ba. Taga ma rage bulo take yi."

"Ni ka ga na rubuta dokar? Ƙofar iska aka yarda da ita, shi ke nan. Kada ka ja mana."

"Matarka a makahon kicin take girki?"

"Matata ba ta cikin wannan magana."

Mai sa hatimin amincewa a kan zane a lokacin wani ne Kwamared Pytlak. Da can mai tsaron sito ne a masana'antar sitaci, aka ɗaga shi. Ba mugu ba ne, yana gaishe ni, yana son sukari cokali uku. Sai dai bai taɓa warware zane ya duba ba. Jerin kayan gini da ake bugawa a tafireta, shi kaɗai yake karantawa, yana bi da yatsa.

Ranar da ya zo ni na kai shayi. Yatsansa ya sauka a kan wani layi, ya karanta da ƙarfi: "Kicin, ƙofar iska, sha biyu bisa sha biyar." Ya ɗaga yatsu ya gwada a iska, ɗan abu kamar littafin addu'ata. "Santimita sha biyu da sha biyar. Madalla! Ashe Kwamared Injiniya yana jin magana. An ce mini taurin kai gare ka."

Pan Teofil ya tura masa naɗaɗɗen zanen. "Kwamared ba zai warware ya duba ba? Komai yana ciki."

"Hoto na yara ne. Ni lamba nake dubawa, lamba ba ta ruɗin mutum."

"Na dai ce a duba."

"Na ji, na ji." Ya hura wa hatiminsa iska, ya buga a kowane shafi na jerin, ya buga a kusurwar zanen yana naɗe, ya sa hannu.

Na shiga tattara kofuna. Ko ni mai shara na san abin da kowane kafinta da kowane birkila ya sani: a wannan sana'a ba a faɗin sifilin ƙarshe. In an ce taga sha biyu bisa sha biyar, ana nufin santimita ɗari da ashirin a faɗi, ɗari da hamsin a tsawo. Haka masana'antar tagogi take rubutawa a littafinta, haka nake ji ana kira a waya kullum. Pan Teofil bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Ranar Asabar na je furta zunubi wajen Fada Anzelm, tsoho ne mai nauyin kunne, sai an ɗaga murya. Na zayyana masa komai.

"'Yata, an tambaye ki?"

"A'a, Fada."

"Shi injiniyan ya ce santimita ne?"

"Bai ce ba. Sau biyu ma ya ce a duba."

Can ya ce, "Tagogin nan, gabas suke kallo ko yamma?"

"Yamma, Fada."

"To. Ki yi addu'a uku ga Uwa Maryamu saboda mai hatimin, Allah ya buɗe masa ido. Amma ba da gaggawa ba."

Aka fara gini da bazara. Shugaban magina wani ne Pan Alojzy, gajere mai faɗin ƙirji, bakinsa ba ya rufuwa. Yakan zo ofis da siminti a gira, ya ɓata mini daɓe.

"Pan Injiniya, ƙofar iskar nan taka fa, saniya za ta fita ta ciki ba ta goga ƙaho ba."

"Iskar Radom ƙiba gare ta, Alojzy."

"Ai na ga alama. To ni dai abin da ke takarda nake ginawa, karatuna bai wuce nan ba." Ya kashe mini ido. "Pani Pelagia, a ba ni shayin manya, yau ni ma na zama mai laifi."

Duk maginan sun sani, su arba'in da wani abu, ba wanda ya kai magana ko'ina. Matansu da 'yan'uwansu mata ne za su shiga gidajen.

Da kaka ta shigo aka kai hawa na biyar, aka ɗaure reshen itace da ƙyallaye masu launi a ƙololuwar ginin kamar yadda aka saba, aka shimfiɗa katako a tsakar fili, aka kawo barasa da tsiran alade da kokwamba mai tsami. Ni aka kira in yanka burodi. Aka gayyaci Kwamared Pytlak. Ya ɗaga kofi zai yi jawabi, sai ya ɗaga kai ya dubi bangon yamma. Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirgawa. Ya sauke kofin bai sha ba.

"Waɗancan na mene ne?"

"Ƙofar iska, Kwamared," in ji Pan Alojzy, bakinsa cike da tsire. "Sha biyu bisa sha biyar, yadda ka sa hannu."

Kafin sati ya zagayo takarda ta iso: a toshe tagogi tamanin da huɗu da bulo, a bar rami daidai tafin hannu, kuma kwamiti zai zo daga babban birni ya binciki wanda ya yi gini ba da izini ba. Aka tara bulon a gindin bene. Matan masana'antar takalma, waɗanda aka riga aka ba su lambar gida, sukan biyo ta wajen bayan an tashi aiki, su tsaya daga bakin shingen waya suna kallon tagoginsu da tarin bulon.

Pan Teofil ya ce yana da izini, da hatimi a kowane shafi. Aka buɗe kabad ɗin ajiya, babu jerin, babu zanen mai hatimi. Darakta ya ce shi bai taɓa ganinsu ba.

Ni na gan su. Washegari da ƙarfe shida na safe na zo hura murhu, na jawo kwandon takardun da ake tara mini na kunna wuta, sai ga su a ƙasa, an ninke, an danne da tsofaffin jaridu. Tun watana na farko Pan Teofil ya gaya mini, duk takardar da na ga hatimi a kanta kada in ƙona, ko a kwandon shara na same ta. Na daɗe a durƙushe a gaban murhun. 'Yata Danuta tana makarantar koyon jinya, aikin nan shi ne abincinmu. Na yi alamar gicciye, na sa takardun a kwandona, na ɗora burodi a kai. Ban ajiye a teburinsa ba, don na lura ana buɗe masa aljihun tebur in ya fita. Shi ma ban gaya masa ba, tsoro nake ji kada ya hana ni.

Kwamitin mutum uku ne. Shugabansu tsoho ne mai tabarau, an ce shi ma injiniya ne tun kafin yaƙi. Suka zauna a ofishin Darakta, da Pytlak, da Pan Teofil a kujera shi kaɗai a gefe. Da aka buga ƙararrawar shayi na jera kofuna a faranti, na sa takardun a ƙarƙashin gwangwanin sukari, na shiga. Na ajiye a gaban Darakta.

"Pan Darakta ya gafarce ni. Na tsinci wannan a kwandon murhu. Ni ban yi karatu ba, amma na ga hatimi, na ce ko an yar ne bisa kuskure."

Darakta ya zama kamar farin bango. Tsohon mai tabarau ya miƙo hannu ya ɗauka tun kafin kowa ya motsa. Ya karanta jerin, ya warware zanen, ya duba kusurwa. Ya dubi Pytlak ta saman tabarau.

"Hatiminka ne wannan, Kwamared?"

"Nawa ne, amma ruɗina aka yi. An rubuta sha biyu bisa sha biyar."

"Sha biyu bisa sha biyar ɗin nawa ne? Gwada mana."

Bawan Allah ya ɗaga yatsu ya gwada. Ɗaya daga cikin baƙin ya fitar da hankici ya toshe baki kamar tari ya sarƙe shi. Ni dai ina zuba shayi a hankali, don kada a ce in fita.

Tsohon ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce abin ya zama abin kunya ga kowa, ga ofis, ga hukumar da ta naɗa mai hatimi. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta cewa rashin fahimta ne tsakanin ofis da magina, a toshe tagogin a hankali, kowa ya zauna a kujerarsa, ba a hukunta kowa ba. Darakta ya yi ta gyaɗa kai kamar zai karye. Aka juya ga Pan Teofil.

Ya miƙe tsaye, ya zare fensirin daga kunnensa ya ajiye a tebur.

"Ba rashin fahimta ba ne. Magina abin da na zana suka gina. Matar nan umarnina ta bi, ni na ce kada ta ƙona takarda mai hatimi. Na san Kwamared Pytlak bai iya karanta lambar ba, na gani da idona, na bar shi. Ku rubuta haka in kuna so, zan sa hannu. Amma zanen yana da izini, ga shi a hannunku. In za a toshe, sai dai ku rubuta dalili, ku ce hukuma ta amince da abin da ba ta iya karantawa ba."

"Kana sane da abin da kake jawo wa kanka?" in ji tsohon.

"Mutum kuke bukata ku kai wa na sama. Ga ni. Ku bar tagogin."

Tsohon ya daɗe yana kallon zanen, yana bin layin kicin da yatsa. Ya tambaya a hankali, kamar ba a taro ake ba, "Yaya aka yi ka fito da su duka bangon waje ba ka ƙara faɗi ba?"

"Matakalar na juya."

"Hm." Ya naɗe zanen. Sai a lokacin ya lura da ni, ya ce, "Pani, shayin ya isa haka."

Abin da aka rubuta a ƙarshe shi ne wai benen gwaji ne da hukuma ta amince a yi sau ɗaya, ba za a maimaita ba. Aka kwashe bulon aka kai wani wurin. Pan Alojzy ya sa gilashi a tagogi tamanin da huɗu cikin kwana tara, ya ce kafin wani ya sake shawara. Pytlak aka mai da shi wani ofishin, Darakta ya zauna daram, bai ƙara yi mini magana ba har ya yi ritaya, amma bai kore ni ba. Pan Teofil kuwa aka tura shi can gabas, kusa da iyaka, ofishin gine-ginen gonakin gwamnati. Ya tafi kafin a gama fenti. Da akwati ɗaya ya tafi.

Shekara goma sha uku yana zana ɗakunan aladu da rumbunan dankali. Ba a sake ba shi gidan mutane ba. Duk Kirsimeti yakan aiko mini da kati, da zanensa na hannu. A ɗaya ya zana alade ya dafa taga yana kallon waje, ya rubuta a ƙasa: "Pani Pelagia, a nan ba wanda ya kafa doka a kan hasken aladu. Ina ba su yadda nake so." An ce mini har daga wasu gundumomi ake zuwa kallon ɗakunan nan, don aladun ba sa ciwo kamar na sauran wurare.

Sunana ya daɗe a jerin masu jiran gida, kuma ikon Allah, da layi ya zo kaina, wasu iyali suka tashi daga wannan benen, aka ba ni hawa na uku. Benaye shida aka gina a kewaye da mu bayansa, duka makafi. Mutane suka sa wa namu suna Mai Idanu, har direban bas haka yake kiran tashar. Maƙwabta daga sauran benayen sukan zo kicin ɗina su zura zare a allura, ko su duba ko naman da suka sayo ya fara juyawa. Daga baya dokar ma aka soke ta, ba wanda ya ce an yi kuskure, aka daina kawai.

Sau ɗaya Pan Teofil ya zo. A watan Disamba ne na saba'in da takwas, wata huɗu kafin rasuwarsa. Na dawo daga coci da rana na tarar da wani tsoho da sanda a tsakar fili, ya ɗaga kai yana kallon bangon yamma. Sai da ya yi magana na gane shi.

"Pani Pelagia, wa ya ce a yi wa barandar nan koren fenti?"

Ya hau matakalarsa yana hutawa a kowane hawa. Na buɗe masa falo, na ɗauko kofunan baƙi, ya ce a'a, ya wuce kicin kai tsaye. Ya tsaya a bakin ƙofa. A lokacin na tuna bai taɓa ganin ko kicin ɗaya ta ciki ba bayan an gama ginin.

Kunya ta rufe ni. Na rataya labulen leshi da na saƙa da hannuna, ga tukwanen furanni uku a dakalin tagar, ga hoton Uwa Maryamu, ga kwalbar kokwamba, ga dankalin da na fara ferewa na bari a kwano. Shi da ba ya son ado. Na yi sauri zan cire labulen.

"Bar shi. Tagarki ce."

Ya ja kujera ya zauna a gefen tebur, ya jingine sandarsa, ya ciro agogo ya ajiye a gabansa. Rana ta yi ƙasa, ta shigo ta cikin leshin ta kwanta a kan tebur da bango har bakin murhu. Ƙarfe uku ta kusa, a Disamba kuwa da wuri duhu yake shiga a garinmu. Na kai hannu wajen makunnin fitila, don in ga abin da zan ba baƙo.

"Pani Pelagia, abu ɗaya nake roƙo," in ji shi. "Kada ki kunna. Zauna ki ci gaba da fere dankalinki. Ina so in ga ƙarfe nawa hasken tagar zai kai ki."